Ranar da Gidanmu Ya Zama Ƙwaya

Yanzu babu mai yi mana jawabi a gidan nan. Kujerar robar da yake zama a kai tana nan a tsakar gida, ƙafarta ɗaya ɗaure da waya, amma mai ita ya tafi. Da safe sai in ji ƙarar keken Tela da kukan akuyar Hajiya, in tsaya ina jiran muryar da za ta taso ta danne su duka ta ce, "Ku tsaya in yi muku bayani." Ba ta tasowa.

Mijina mai gyaran fanka ne da dutsen guga. Farfesa ake ce masa. 'Yan unguwa ne suka laƙaba masa don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har in wani ya kira shi da sunan yanka sai ya yi kamar bai ji ba. Babu abin da bai sani ba a duniya. In jirgi ya wuce ta sama, zai ɗaga kai ya gaya maka abin da ke damun injinsa. Ni karatuna bai wuce firamare ba, saboda haka abin da idona ya gani shi zan faɗa, in kuma na karya wani suna na Turawa a yi mini afuwa.

Gidan haya muke. Ɗakuna ne a jere sun kewaye tsakar gida mai siminti, ƙofar ƙarfe ɗaya ce mai ganye biyu. Hajiya mai gidan tana ɗakin ƙurya da akuyarta. Akwai Tela, akwai Maman 'Yan Biyu mai sayar da garin sabulu, sai mu, sai ƙanen mijina, Dogo, wanda ya zo gaisuwa tun wata shekara bai koma ba.

Wata rana 'yarmu Auta ta dawo daga makaranta idonta jajir. Yarinyar nan tun tana ƙarama ba ta da buri sai na zama mai duba jini a asibiti. Tana da kai, amma in aka ce ta tashi ta yi magana a gaban mutane sai harshenta ya manne. Malamar kimiyya ta tashe ta sau da yawa, ba ta taɓa fitar da kalma ba. To, ranar ta ba ta dama ta ƙarshe: ta haɗa siffar ƙwayar halitta, ta yi bayanin sassanta da bakinta. In ta kasa, za a cire ta daga ajin kimiyya.

A nan na fara jin labarin abin. Ashe jikin mutum, da na akuya, da ganyen bishiya, duk da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa aka gina su, waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda ake gina katanga da bulo. Kowane ɗaya kuma a cikinsa akwai ma'aikata, kowa da aikinsa.

Babanta ya ajiye fankar da ke hannunsa. "Sauran 'yan ajin da me za su haɗa tasu?"

"Da kwali, Baba. Wasu da soso da marafan kwalba."

"Kwali! 'Yar Farfesa da kwali? Miƙo littafin nan."

Ya duba shafin, leɓensa na motsi. Ya ɗaga kai ya dubi ƙofa, ya dubi ɗakuna, ya dubi duron ruwa, ya sake duba littafi. Da na ga girarsa ta tashi sai gabana ya faɗi, don na san wannan girar.

"Maman Auta, kin san a cikin me muke zaune duk shekarun nan?"

"A cikin gidan Hajiya."

"A cikin ƙwaya muke!"

Kafin la'asar ya tara mutanen gida. Ya jawo kujerarsa ya dasa a tsakiya.

"Gidan nan gaba ɗayansa za mu mayar ƙwayar halitta, mai rai, mai motsi. Malama da 'yan ajinta su shigo ciki su gani da idonsu. Littafi ya ce a tsakiyar ƙwaya akwai wani abu, niyukiliyos. Shi ke riƙe da duk tsarin gini, daga wurinsa umarni ke fitowa. To, wannan ba sai an yi zaɓe ba." Ya zauna, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

Hajiya ta doka sandarta a ƙasa. "Kai ɗan nan, wa ya gina gidan?"

"Ke ce, Hajiya."

"To ni ce nukiliyar."

"Niyukiliyos, Hajiya. Nukiliya bam ce."

"Ko ma mece ce, ni ce. Tashi ka ba ni kujerar."

"Haba Hajiya, ai gidanki bai rasa muƙami ba. Akuyarki ma mun ba ta babban matsayi. Ita ce lisosom. Shi ne ke cinye shara da duk abin da ya lalace a cikin ƙwaya. Amma kullum a killace yake, don in ya kuɓuce, har mai kyau sai ya ci."

"Akuyata ba ta cin shara."

Duk muka waiwaya. Akuyar tana tauna tef ɗin awon Tela, ta kusa kai rabi.

Tela ya ƙwato abin da ya rage, ya kuma samu nasa muƙamin. Shi ne ribosom, mai ƙera kayan da ƙwaya ke buƙata daidai da awon da aka aiko daga tsakiya. Ya ce in dai ba za a taɓa masa keke ba, a kira shi da kowane suna. Maman 'Yan Biyu, wadda ke wuni tana ƙulla farin garin sabulu a 'yan ƙananan ledoji, ita aka ba Golji, wai shi ne wurin da ake karɓar kaya a naɗe a tura inda za su. Duron ruwa ya zama bakiyul, ma'ajiya. Shi kaɗai bai yi gardama ba.

Daga nan ya yaye buhun da ke rufe da wani tsohon janareto da mai shi ya kawo gyara ya manta da hanyar gidanmu.

"Ga mai ba ƙwaya ƙarfi. Ya ci mai, ya ba da wuta. Mitokondiriya."

"Mai tukunyar wa?" in ji Hajiya.

Na ce, "Baban Auta, injin nan tun da ya shigo gidan nan ko tari bai taɓa yi ba."

"Jira yake a ba shi muƙami."

Saura Dogo. Farfesa ya dube shi daga sama har ƙasa. "Kai ne tantanin da ya lulluɓe ƙwaya. Ba katanga ba ce kawai, abu ne mai hankali. Mai amfani ya shigo, marar amfani ya tsaya waje. Ka zauna a ƙofa."

"Aikin hankali ka ba Dogo?" na tambaya.

"Matar yaya, hassada ce ke cin ki, don ke ba a ba ki komai ba."

"Wa ya ce?" in ji Farfesa. "Ita ce saitofilazam, ruwan nan mai kauri da ya cika ƙwaya, kowa a cikinsa yake yawo. Ranar za ki dama mana sitacin guga mai yawa mu malale tsakar gida."

"Watau ni ce abin da kowa zai taka."

"Ke ke riƙe da kowa," ya ce, ko kallona bai yi ba, yana neman wani shafi.

Auta ta matso ta ce a hankali, "Baba, kwalin ma ya isa." Bai ji ba. Washegari ya sa babbar rigarsa ya tafi makaranta, ya dawo ya ce Malama ta yarda za ta zo ranar Asabar da 'yan aji. Daga baya ta gaya mini ta yarda ne don ya tashi daga ofishinta.

Sai maganar rubutu. Ya ce irin wannan aiki ba a yin sa ba suna a ƙofa. Ya samo ragowar jan fenti, ya hau benci. Niyyarsa ya rubuta GIDAN ƘWAYAR HALITTA. Amma Farfesa ba ya ƙaramin abu. Kowane harafi ya kai tsawon yaro mai tatata. GIDAN ya cinye ganyen hagu, ƘWAYA ta cinye na dama, ƙofa ta ƙare, fenti ma ya ƙare.

Na fito na karanta, na sake karantawa.

"Baban Auta, ina halittar?"

"Ba wuri."

"Ka san abin da mutane ke nufi in sun ce ƙwaya?"

"Mai ilimi zai gane."

"Unguwar nan nawa ne masu ilimin?"

"Ni kaɗai na isa."

Tun fentin bai bushe ba baƙi suka fara zuwa. Samari ne da ban taɓa gani ba, idanu jajaye, suna magana ƙasa-ƙasa suna waige. Ina daga kicin ina jin su da Dogo.

"Babban yaya, ana samu?"

"Me?"

"Abin da aka rubuta."

"Ai gidan gaba ɗaya ita ce."

"Akwai fara?"

Dogo ya leƙa ya hango Maman 'Yan Biyu da tulin ƙullinta. "Ga ta can ana ƙullawa. Amma ba yau ba. Sai Asabar."

Suka tafi suna masa godiya. Dogo ya shigo yana taƙama, wai kimiyya ta fara shiga unguwa.

Aikin ƙofar nan ya hau wa Dogo kai. Ya hana mai ruwa shigowa sai da Auta ta nuna masa a littafi cewa ruwa yana wuce tantani. Ya kori wata mata da ta zo karɓar ɗinkinta, wai fuskarta ba ta yi kama da mai amfani ba. Abokansa na karta kuwa duk masu amfani ne. Ranar da Hajiya ta dawo daga ganin likita, ya tare ƙofa da ƙafa.

"Hajiya, faɗi amfaninki."

Ta faɗa masa da sanda. Kwana ya yi yana ɗingishi.

Shi kuwa Farfesa bai bar shagon aski ba, bai bar teburin mai shayi ba. Mai askin ne ya maimaita mini kalmominsa daga baya, yana dariya har da hawaye. Wai ya tsaya a tsakiyar shago, kai rabi a aske, yana cewa, "Irin ƙwayar da na haɗa a gidana ba a taɓa yin ta a garin nan ba. Muna da mai ƙerawa, muna da mai ƙullawa, muna da mai tsaron ƙofa. Komai da umarnina. Ranar Asabar 'yan makaranta za su zo, aji guda, kowa sai ya samu rabonsa. In ta shiga kan yaro ba ta fita." Wani baƙo da ke jiran layi ya tashi ya fita ba a yi masa askin ba. Farfesa ya ce ilimi ne ya yi masa yawa.

Auta dai tana ɗaki da littafinta. In na leƙa sai in ga tana motsa baki a gaban madubi, ba sauti.

Asabar ta zo. Tun hantsi na dama sitaci a babbar tukunya, na sake damawa, Farfesa yana cewa a ƙara. Muka malale tsakar gida har ta koma kamar an zuba mata majina. Aka ɗaure akuya a jikin duro. Tela ya fito da kekensa bakin ɗaki. Maman 'Yan Biyu ta jera ƙullinta a faranti. Farfesa ya sha babbar riga da hula, ya zauna a kujerarsa a tsakiyar sitaci, ya naɗe ƙafafu sama. Hajiya ma ta jawo tata kujerar ta ajiye daf da tasa, ta ce ita fa ba ta sauka daga nukiliya ba.

A waje kuwa titi ya cika. Ga maƙwabta, ga samarin nan masu jan ido sun zo cika alkawari har da abokansu, ga Malama da 'yan ajinta cikin kayan makaranta. Ta tsaya tana kallon rubutun ƙofa, ta cire tabarau ta goge ta mayar.

Dogo ya buɗe kaɗan ya zuro kai. "Malama, faɗi amfaninki."

"Ni aka gayyata."

"Kowa haka yake cewa."

Daga ciki Farfesa ya ɗaga murya. "A tayar da mitokondiriya!" Da ya ga ba mai tayarwa, sai ya sauko da kansa, yana tafiya kamar agwagwa, ya kama igiyar janareto ya ja. Shiru. Ya sake ja. Shiru. Ya ce, "Kunya yake ji." Ya cire wani abu, ya hura, ya mayar, ya ja da ƙarfinsa duka.

Injin da bai taɓa tari ba, ranar ya yi. Wata ƙara ya saki kamar an harba bindiga, baƙin hayaƙi ya turnuƙe gidan. A daidai lokacin motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofa. Tantaninmu mai hankali yana ganin kaki ya saki ƙofa, ya bi ta bayan banɗaki ya haura katanga. Ban taɓa sanin Dogo yana da sauri ba sai ranar.

Ƙofa ta wangale. Kowa ya shigo: 'yan sanda, 'yan makaranta, masu jan ido, maƙwabta, har wani mai tallan guga da ke wucewa. Duk wanda ya sa ƙafa a saitofilazam sai ya tafi. Yara suna zamewa suna shewa. Malama ta rungume duro. Akuya ta firgita da ƙarar injin, ta tsinke igiya, ta zame ta faɗa cikin farantin Maman 'Yan Biyu, ta fito da farin gemu, ta wuce ta kama yadin da ke kan keken Tela.

Sajan ne ya shigo a gaba, ƙato mai tumbi. Taku biyu ya yi, na uku ƙafafunsa suka riga shi, ya zauna daɓas, ya taho a zaune har gaban kujerar Farfesa. Hularsa ta yi gefe, akuya ta bar yadi ta koma kan hular.

Farfesa ya sunkuya da fara'a. Shi a zatonsa labarin aikinsa ne ya kai ga hukuma.

"Sannu, Yallaɓai. Ka faɗa cikin saitofilazam."

Sajan ya miƙe da ƙyar. "Wa ke da wurin nan?"

"Gini na Hajiya ne, amma ƙwayar tawa ce."

"Kai ka haɗa ta?"

"Ni kaɗai. Ba wanda ya koya mini."

"Wa ke ba da umarni?"

Farfesa ya bugi ƙirji. "Duk abin da ka ga yana motsi a nan, daga wurina ya fito. Waccan ke ƙullawa, wancan ke ƙerawa. Mai tsaron ƙofa ya ɗan fita."

"Waɗannan yaran fa?"

"Su ne aka yi dominsu, Yallaɓai. Da su za mu fara, daga baya mu shiga sauran makarantu."

Sajan ya juya wajen Hajiya da ke zaune kusa da shi. "Ke fa, tsohuwa? An ce ku biyu ne a sama."

Hajiya ta miƙe tsaye ba sanda. "Ni? Ɗan nan, dubi shekaruna. Shi ne nukiliyar! Tun farko na ce shi ne. Kowa shaida ne."

Masu jan ido dai kafin a waiwaya sun ɓace. Aka sa Farfesa a mota, da farantin sabulu a matsayin shaida. Yana hawa yana ce wa Sajan a kula da farantin, Golji ne. Sai da motar ta tashi, ya ga ba gaba aka sa shi ba, sannan na ga girar nan ta sauko.

Muka bi su a ƙafa, ni da Auta da Malama, da rabin unguwa a bayanmu. Kafin mu isa ofishin 'yan sanda an cire masa hula da babbar riga an tura shi sel, wani ɗan ɗaki mai ƙofar sanduna a bayan kantar ofishin. Sajan yana tsaye, don sitacin ya bushe a wandonsa ya sandare, in ya motsa sai ka ji ƙaras-ƙaras.

Malama ta fara magana, ya ɗaga mata hannu. "Ke ce kika kwaso yaran mutane kika kai su. Taki tana zuwa." Na buɗe baki, ya ce matar mai laifi ba ta shaida. Ya dubi Auta. "Ke, an ce saboda ke aka yi. Me ake yi a gidanku?"

Auta ta tsaya. Ofis cike da mutane, wasu ta taga suke leƙe. Na ce shi ke nan, harshen ya manne. Sai ta dubi sel ɗin. Babanta yana riƙe da sanduna, daga shi sai singileti, bakinsa a rufe. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin bakin nan a rufe ba.

"Yallaɓai," ta ce, muryar kamar ta sauro, "ba ƙwayar sha ba ce. Ƙwayar halitta ce. Fenti ne ya ƙare."

Wani ya yi dariya ta taga. Sajan bai yi ba. "Ci gaba."

"Jikinka ma da ita aka gina shi, Yallaɓai."

"Jikina?"

"Da na kowa. Kowace ɗaya tana da tantani a kewaye, yana zaɓen abin da zai shiga da wanda zai fita. Shi ne Kawu Dogo. Ka ga da ya gudu kowa ya shigo, gida ya lalace. Ita ma in tantaninta ya fashe haka take mutuwa."

Muryar ta fara fitowa. Ta ce abin da ya zame a ciki shi ne ruwa mai kauri da sassan ke zaune a cikinsa. Injin da ya yi ƙara shi ne mai ƙona abinci ya ba da ƙarfi, sai dai na gaske ba ya hayaƙi, kuma ba guda ɗaya ba ne, inda aiki ya fi yawa nan suka fi yawa. Tela yana ɗinki da awon da aka aiko masa, Maman 'Yan Biyu ta karɓa ta ƙulla ta tura waje.

Sajan ya ɗauki ƙulli ɗaya ya kwance, ya zuba a kofin ruwa ya girgiza. Kumfa ta taso ta zubo masa a hannu.

"Akuyar da ta ci mini hula fa?"

"Lisosom ce, Yallaɓai. Aikinta cin abin da ya lalace. Amma in ta kuɓuce ba ta tambaya."

Malama ta manta ita ma a tuhume take. Ta gyara tabarau. "To, a cikin abin da babanki ya haɗa, ina kuskure?"

Auta ta saci kallon sel, ta sunkuyar da kai. "Niyukiliyos ba ya fita waje, Malama. A ciki yake zama, saƙo kawai yake aikawa. Ba ya zuwa shagon aski."

Ofis ya ɗauki dariya, har Sajan, wandonsa na ƙaras-ƙaras. Malama ta dafa kafaɗar Auta. "Ranar Litinin ki koma kujerarki. Wanda ya yi bayani a nan, aji ba zai gagare shi ba." Ta juya ga Sajan. "Abin ma da za ka yi mamaki, da Turanci sunanta sel. Wanda ya fara hango ta a madubin ƙara girma gani ya yi kamar 'yan ƙananan ɗakuna a jere, shi ya sa ya sa mata haka."

Sai muka ji muryar Farfesa daga cikin sel, ta dawo da ƙarfinta.

"Kun ji ko? Sel! Ni dama nan nake son a kai ƙarshen darasin. Ku 'yan makaranta a littafi kuke ganinta. Wa ya taɓa shiga cikinta ya gani da idonsa in ba ni ba? Yallaɓai, buɗe, mun gama."

Sajan ya ce zai buɗe in ya yi alkawarin goge ƙofa kafin magariba, ya kuma yi shiru har ya fita daga ofis. Ya cika na farko.

Har ya bar duniya, in an tayar da zancen sai ya ce shi ya tsara komai, har zuwan 'yan sanda, don ya san 'yarsa ba za ta yi magana ba sai ta ga uban nata a bayan sanduna. Ban taɓa ƙaryata shi ba a gaban mutane. A ɗaki kuwa mun sha yi.

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Ko a gadon asibiti sai da ya gaya wa likita abin da ke damun fankar ɗakin, kuma wannan karon ya yi daidai. Ƙofarmu an shafe ta da shuɗin fenti, amma in ruwan sama ya dake ta, jan rubutun yana ɗan fitowa ta ƙasa. Hajiya ta hana a sake shafawa. Kujerar ma ta ce kada wanda ya taɓa, ta nukiliya ce.

Auta tana koyon duba jini yanzu. Kwanan baya ta dawo hutu ta same ni ina share wajen kujerar, na ce mata, "To, ga ƙwaya ba niyukiliyos. Littafinku ya ce me?" Ta ce akwai wata a cikin jini, ja, ita ba ta da shi. Tun tana ƙarama take rabuwa da nata, amma haka take ci gaba da zagaya jiki tana kai wa kowa iska har iya kwanakinta. Na ce to, mu ke nan. Na ci gaba da shara.

Wanda ya karanta wannan, in ya yi dariya ya yi, shi ma da yana nan da ya fi kowa, sannan ya gyara mini wurare da yawa. Abin da nake roƙo kawai a taya ni da amin. Allah Ya gafarta wa Baban Auta, Ya yafe masa abin da ya sani da wanda ya ce ya sani. Allah Ya haskaka makwancinsa, Ya yalwata masa shi, don na ga yadda ƙaramin ɗaki ya yi masa. Allah Ya sa yarinyar nan ta gama lafiya, Ya sada mu da shi a gidan da ba a tambayar kowa amfaninsa a ƙofa sai rahama. Amin.